KAFIN KA BUƊE RUMBU DOMIN SAYEN MAGANI, KA YI TAMBAYA



Kowa ya san yadda abin yake. Ruwa ya zauna, masara ta kai gwiwa, ana cikin noma, sai yaro ya kwana jikinsa zafi rau. Da safe uwa ta goya shi zuwa asibiti. Malamin asibiti ya duba shi, ya rubuta takarda, ya ce a je a sayo. Maigida ya karɓi takarda yana juya ta. Ba kuɗi a aljihu, gama abin da ya tara duk ya tafi wajen taki. To, sai a buɗe rumbu a auni ɗan hatsin da ya rage, ko a ja akuya zuwa kasuwar Sheme, ko a ci bashin da za a biya da buhu idan kaka ta yi. Yaro ya warke, amma gidan ya shiga yunwa tun Agusta bai ƙare ba.

Ba gidanka kaɗai ba ne. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna, a cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya, fiye da naira 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa.

Amma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Waɗansu daga cikin magungunan da muke sayar da hatsi mu saya, an riga an biya kuɗinsu. Gwamnati ta biya, ko kuwa ƙungiyoyin taimako na duniya sun biya. Abin da ya rage shi ne mutum ya san wane magani ne, ya san inda ake ba da shi, ya san kuma takardar da za a nema a hannunsa. Wannan ne za mu bayyana a nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

ME YA SA MAGANI YA YI TSADA HAKA?

Yawancin magungunan da muke sha daga waje ake kawo su, musamman daga Indiya da ƙasar Sin. Ko waɗanda ake yi a nan gida ma, kayan haɗinsu daga waje suke zuwa, da dala kuma ake sayensu. A shekarar 1987 da aka kirkiro Jihar Katsina, dala ɗaya ba ta kai naira 5 ba. A shekarar 2024 ta wuce naira 1,500. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. A watan Agusta na wannan shekara kuma wani babban kamfanin magani na Ingila, GSK, ya ba da sanarwa zai daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya, sai kuɗin waɗansu magunguna, kamar na masu asma, ya ninka.

A watan Yuni 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗauke kuɗin kwastan da haraji daga kayan haɗa magani. Wannan taimako ne ga masana'antu. Amma manomin da ke tsaye gaban kanti da takarda a hannu yana bukatar taimakon da ya fi wannan kusa da shi.

KWANDO UKU

Domin a gane da sauƙi, bari mu kasa taimakon cikin kwando uku.

Kwando na fari: maganin da yake kyauta ga kowa, mai kuɗi da talaka, ba sai da rajista ba.

Kwando na biyu: maganin da yake kyauta ga wanda aka rubuta sunansa, aka ba shi kati.

Kwando na uku: maganin da ake biya, amma da rangwame.

Duk sa'ad da aka ba ka takardar magani, tambayar fari ita ce, a wane kwando wannan yake? Matambayi ba ya ɓata.

KWANDO NA FARI: KYAUTA GA KOWA

1. Allurar rigakafi. Duk rigakafin yara kyauta ne a asibitin gwamnati. Ana yin na fari ranar haihuwa, sa'an nan a sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9, da wata 15. Suna tsare yaro daga tarin fuka, da shan inna, da tarin shiƙa, da mashaƙo, da sarƙe haƙora, da ƙyanda, da shawara. Uwa ta adana katin kamar yadda take adana kuɗinta. Kuɗin jinyar yaro ɗaya mai ƙyanda ya isa ya cinye buhu, rigakafinta kuwa ko kwabo ba a biya.

2. Maganin zazzaɓin damina na yara. Kowace damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, masu rabo sukan bi gida gida sau ɗaya a wata, suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin tsare su daga zazzaɓin cizon sauro. A Jihar Katsina aka fara wannan aiki a Nijeriya, a shekarar 2013. Maganin na kwana 3 ne. Mai rabo yakan ba da na ranar fari a gabansa, ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Nan ne ake kuskure. Waɗansu sukan ajiye sauran, wai sai yaro ya yi zazzaɓi. Wannan magani ba na warkarwa ba ne, na tsarewa ne. In ba a cika kwana ukun ba, an yi hasara.

3. Gwaji da maganin zazzaɓi. Katsina tana cikin jihohin da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro yake aika wa kayan gwaji da magani. A asibitocin da suke cikin wannan shiri, ɗan gwajin nan na huda yatsa da maganin da ake kira ACT ba na sayarwa ba ne. Ka tambaya ko asibitinku yana ciki. Kada kuma ka sayi maganin zazzaɓi ba gwaji, gama ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

4. Mai ciki. Idan mace tana zuwa awo, daga wata na huɗu akan ba ta ƙwayoyin tsare ta daga zazzaɓi, sau ɗaya a wata, tare da allurar sarƙe haƙora. Maigidan da ya hana matarsa zuwa awo domin gudun kuɗin babur, yakan biya ninkin ba ninkin ranar haihuwa.

5. Tarin fuka. Wanda ya yi sati 2 yana tari, yana rama, yana gumi da dare, ya je a gwada majinarsa. Gwajin kyauta ne, maganin ma kyauta ne, na wata 6. Mutum yakan ji sauƙi bayan wata ɗaya ko biyu, amma idan ya bari a nan, ciwon zai komo da ƙarfin da maganin fari ba zai iya masa ba. Mutane da yawa sun ƙarar da dukiyarsu wajen sayen maganin tari na kwalba a kemis, alhali maganin gaskiya yana jiransu a asibiti ba ko sisi.

6. Kuturta. Tun 1995 maganin kuturta kyauta ne a duk duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana shansa wata 6 ko wata 12. Alamar fari ita ce tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. In an kama ta da wuri, ba yatsan da zai gutsure.

7. Ƙanjamau. Tun 2006 Gwamnatin Tarayya take ba da maganin rage ƙarfin wannan cuta kyauta. Mace mai ciki da take shansa daidai takan haifi ɗanta lafiya lau.

8. Tamowa. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, akan auna damtsensa da ɗan tef mai launi. In ya faɗa ja, akan sa shi a shirin abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin leda. Wannan magani ne, ba kayan marmari ba. Ba a raba shi da 'yan'uwansa, ba a kuma kai shi kasuwa. Wanda ya saya a kasuwa ya sani abincin wani yaro mai mutuwa ya saya.

Ban da waɗannan, akan yi makon lafiyar uwa da yara sau biyu a shekara, inda ake ba da bitamin A da maganin tsutsar ciki. Idan mai shela ya yi shela, a fito da yara.

KWANDO NA BIYU: KYAUTA GA MAI KATI

A shekarar 2014 aka kafa Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta ce kowace shekara a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya a zuba a wani asusu domin kula da lafiya a matakin farko. Ma'aikata suna kiransa BHCPF. An fara sa masa kuɗi a kasafin 2018, wajen naira miliyan dubu 55.

Kuɗin nan yana bin manyan hanyoyi biyu zuwa ƙauye. Yana da kyau a san su duka.

Hanya ta fari tana kai kuɗi cikin asusun banki na asibitin mazaɓa, bayan kowane wata uku, domin sayen magani, da gyaran gini, da ruwa da wuta. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, nufin shirin kuwa shi ne kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya a ciki. Watau mutumin Ƙetare ko Daudawa ko Mairuwa ko Damari ba sai ya je Katsina ba. Shugaban asibiti ba ya fitar da kuɗin nan shi kaɗai. Shugaban Kwamitin Raya Mazaɓa, wanda mutumin gari ne, yana cikin masu sa hannu.

Hanya ta biyu ita ce ta inshora. Kuɗin yakan fito daga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ya zo Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Katsina, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ita ce take rubuta sunayen mabukata, ta ba su kati, ta haɗa kowa da asibiti guda. Daga nan kowane wata takan biya asibitin wani abu a kan kowane suna, ko mai sunan ya yi ciwo ko bai yi ba. Ka lura da wannan da kyau. Idan kana da katin, maganin da aka ba ka ba alfarma ba ce. An riga an biya da sunanka.

Su wa ake rubutawa? Dokar inshora ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta lissafa su: yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalautan da ba su da halin biya.

Sai dai a faɗi gaskiya, guraben ba su kai yawan mabukata ba. Akan rubuta gwargwadon kuɗin da ya zo. Saboda haka ga abin yi:

Na ɗaya, a yi katin ɗan ƙasa, a sami lambar NIN, har da ta mata da tsofaffi. Ana neman lambar wajen rajista. Yara kuma a yi musu takardar haihuwa.

Na biyu, a je wurin shugaban asibitin mazaɓa tun ana lafiya, a tambayi lokacin da za a buɗe rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da mace take naƙuda ba ranar neman kati ba ce.

Na uku, mai unguwa da dagaci da kwamiti su tsaya a ga an rubuta waɗanda suka fi bukata. Gwauruwa mai marayu, da makaho, da tsohon da ba shi da ɗa, su ne ba su da mai yi musu magana. Idan mai shanu ya shiga gurbin maraya, an yi sata ko da ba a fasa ɗaki ba.

Na huɗu, a bi hanya. Katin yana aiki a asibitin da aka haɗa ka da shi. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su ne za su ba ka takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi. Wanda ya tsallake ya tafi da kansa ba takarda, yakan tarar an ce ya biya.

HAIHUWA DA HAƊARI

Babban abin da yakan karya gida rana ɗaya shi ne haihuwar da ta zo da gardama. A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwa cewa matalautan mata da suke bukatar tiyatar cire jariri za a yi musu kyauta, hukumar NHIA ce za ta biya. Ba kowane asibiti ba ne, sai waɗanda hukumar ta amince da su. Don haka tun a wajen awo mai ciki ta tambayi ungozomar asibiti, "Malama, in abu ya zo da matsala, ina za a kai ni, kuma can suna cikin shirin kyauta?" Maigida kuma ya shirya mai mota tun ciki yana wata bakwai.

Macen da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari kada a ɓoye ta a ɗaka. A Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, akwai cibiyar ƙasa ta wannan ciwo. Da can wurin jinyar kutare ne, 'yan mishan na SIM sun yi aiki a can tun ƙarshen shekarun 1930. A farkon shekarun 1980 wani likita daga ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a wurin, mata dubbai suka warke. Aikin kyauta ne. Abin da dangi za su nema shi ne kuɗin mota da guzuri.

Akwai kuma doka biyu da ya kamata mutanen ƙasarmu su sani, saboda halin rashin tsaro da muka sha. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ransa yake cikin haɗari, ko da wane dalili. Wata dokar ta 2017 kuma ta ce wanda aka harba da bindiga a yi masa magani nan da nan, ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, ba kuma sai an ajiye kuɗi tukuna ba. Waɗannan dokoki ba su ce an yafe kuɗin duka ba. Abin da suka ce shi ne, rai tukuna, lissafi daga baya.

KWANDO NA UKU: BIYA DA RANGWAME

Yawancinmu ba za mu sami katin kyauta ba. Akwai kuma cututtukan da ba sa ƙarewa, kamar hawan jini, da ciwon suga, da farfaɗiya, da sikila, waɗanda maganinsu kullum ne. Ga hanyoyi huɗu na rage nauyi.

Ta fari, shiga taimakekeniya da kuɗinka. Hukumar jiha ba ta ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ce. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'a suna iya biyan kuɗin shekara guda su karɓi kati. Kamar adashi ne, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. A shirin ma'aikatan Tarayya, mai kati yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, watau maganin naira 5,000 ya biya 500. Kafin ka biya, ka tambayi abu uku: nawa ne na shekara, waɗanne cututtuka ne a ciki, kuma yaushe katin zai fara aiki. Lokacin da ya fi dacewa a biya shi ne da kaka, sa'ad da aka sayar da auduga ko waken suya.

Ta biyu, sayen magani a kantin asibiti. Tun taron ministocin lafiya na Afirka da aka yi a Bamako ta ƙasar Mali a 1987 ake bin tsarin asusun magani mai juyawa. Asibiti yakan sayi magani da yawa a farashin sari, ya ɗora riba kaɗan, abin da aka samu a sake sayo wani. Shi ya sa ya kamata ka fara tambaya a kantin asibiti kafin ka tsallaka titi. A Kano da Jigawa an yi amfani da wata ƙa'ida mai kyau a cikin wannan tsari: akan ware wani abu daga ribar domin yafe wa wanda ba shi da komai, ko a ɗaga wa mutum biya zuwa ranar kasuwa. Kwamitin kowane asibiti yana iya zama ya tattauna wannan.

Ta uku, neman magani da sunansa na asali. Magani ɗaya yakan zo da suna goma. Panadol da farasitamol abu ɗaya ne. Amoxil da amoksisilin abu ɗaya ne. Bambancin kwali ne da sunan kamfani. Kada ka ji kunya. Ka ce, "Malam, ƙarfina bai kai wannan ba. Akwai irinsa mai sauƙin kuɗi da zai yi aiki ɗaya?" Ka kuma tambaya, "A cikin biyar ɗin nan da aka rubuta, wanne ne tilas?" Ma'aikacin kirki zai gaya maka. Amma ka duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin. Maganin da aka shanya a rana bisa tire a kasuwa, ko wanda ake tallarsa a cikin mota, ba araha ba ne, hasara ce.

Ta huɗu, ofishin jin daɗin jama'a. Manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ta Zariya, suna da ofishin da ke duba halin majiyyatan da suka kasa biya. Sukan bincika, su rage, ko su haɗa mutum da masu taimako. Takarda daga dagaci ko hakimi mai shaida halin mutum takan taimaka.

Gargaɗi guda: kada ka sayi rabin magani. Idan an rubuta na kwana 5 ka sayi na kwana 2, ka zubar da kuɗinka, ciwon kuma zai komo da taurin kai.

IDAN AKA CE "BABU"

Wani zai ce, "Mun ji, amma mun je an ce magani ya ƙare." Gaskiya ne, yana faruwa. Wani lokaci kuɗi ne bai iso ba. Wani lokaci hanya ce ba ta biyuwa. Tun shekarar 2025 kuma waɗansu ƙasashen da suke ba da taimako, musamman Amurka, sun rage abin da suke bayarwa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan. A 2006 gwamnatinsu ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Iyaye suka yi ta kawo yara, rayuka da yawa suka tsira. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, har kantocin magani da yawa suka zama wayam. Darasin shi ne, kyauta ba ta tsare kanta. Sai jama'a sun sa ido.

Idan aka ce maka babu, kada ka yi faɗa da ma'aikaci. Sau da yawa shi ma ba laifinsa ba ne. Ka tambaya yaushe ake sa ran zuwansa, da kuma wane asibiti na kusa yake da shi. Idan an karɓi kuɗi, ka nemi rasit. Idan abin ya yi ta maimaituwa, ko ka ga maganin da aka rubuta "ba na sayarwa ba" yana kan kanta a kasuwa, ka kai magana ga Kwamitin Raya Mazaɓa. In ba a gyara ba, kwamiti ya kai ta ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Mutum goma da takarda sun fi mutum ɗaya da hayaniya.

Waɗanda tashin hankali ya raba da garuruwansu suka koma Ƙanƙara ko Faskari ko Funtuwa ko Ɗandume, su sani abubuwan kwando na fari suna bin mutum duk inda ya je. Mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau kada ya bari don ya yi ƙaura. Ya je asibitin da ya fi kusa ya faɗi inda ya tsaya, ko da katinsa ya ɓace.

ABIN DA GARI ZAI YI DA KANSA

Ko an sami dukan waɗannan, akwai abin da gwamnati ba ta biya: kuɗin mota da tsakar dare, da abincin mai jinya, da maganin da ya ƙare a kanti. Nan ne gayya take da amfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga misali. A ce unguwa tana da gida 40. Da kaka kowane gida ya kawo tiya 4 ta masara. An sami tiya 160, watau buhu 4 in an lissafa tiya 40 a buhu. A adana su da kyau, a sayar a bazara sa'ad da hatsi ya yi daraja. Kuɗin ya zama asusun lafiya na unguwa. A zaɓi mutum uku masu amana, a sa mace a ciki: ɗaya ya riƙe kuɗi, ɗaya ya riƙe littafi, ɗaya ya ba da izini. A yi ƙa'ida tun da fari: wa za a ranta wa, nawa, yaushe zai mayar, wa kuma za a yafe wa. A karanta lissafi a gaban kowa bayan kowane wata uku. Zumuntar mata, da ƙungiyar manoma, da kwamitin masallaci ko na ikilisiya, kowannensu yana iya ɗaukar wannan aiki. Ciwo ba ya tambayar addinin mutum kafin ya shiga gidansa.

Asusun nan yana iya yin wani abu kuma: ya biya wa gwauraye biyu ko uku kuɗin taimakekeniya na shekara, ya kuma ɗauki hayar mota ya kai tsofaffi wurin yin katin ɗan ƙasa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

Idan kun taru a ƙungiyarku, ku karanta wannan, ku amsa:

1. Wane asibiti ne a mazaɓarmu yake cikin shirin BHCPF? Wa ke shugabantar kwamitinsa?

2. Su wane ne mutum goma da suka fi bukatar kati a unguwarmu? Suna da lambar NIN?

3. Akwai yaron da bai cika rigakafi ba? Akwai mai tarin da ya wuce sati 2?

4. Idan naƙuda ta yi tsanani da dare, motar wa za mu kira, da wane kuɗi?

5. Tiya nawa kowane gida zai iya kawowa da kakar bana?

Ku zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je asibitin mazaɓa cikin wannan mako su dawo muku da amsar tambaya ta fari. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.